Waiwaye: Shekarar da Aka Kai Ganga Gaban Majalisa

A shekarar 1994 'yan majalisar dokokin Birtaniya sun yi wani aiki da ba nasu ba. Sun zauna da takardunsu suka rubuta abin da ake nufi da kiɗa. Dokar da ke gabansu ta hukunta laifuka ce da kiyaye zaman lafiya, amma a sashe na 63 nata aka ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron mutum ɗari ko fiye da aka yi a fili da dare ana sakin kiɗa da lasifika. Da alama masu rubuta dokar sun hango ƙofar da wani zai sulale. Idan mai taron ya tsaya gaban alƙali ya ce abin da yake saki ba kiɗa ba ne fa? Ai shekara da shekaru manya suna faɗin haka, jaridu suna bugawa, wai wannan dum-dum na yara hayaniya ce kawai. Sai aka ƙara layi guda, aka ce kiɗa a nan ya haɗa da duk sautin da gaba ɗayansa, ko akasarinsa, bugu ne mai maimaita kansa.

Wato ranar da hukumar Ingila ta amsa da bakinta cewa tekno kiɗa ne, ta amsa ne don ta samu hanyar kama masu yin sa.

Abin da ya jawo dokar ya faru shekara biyu kafin nan. A watan Mayun 1992 dubun dubatar matasa suka yi dafifi a wani fili da ake kira Castlemorton, kusa da tsaunukan Malvern a yammacin Ingila. Suka kafa lasifikoki, suka kwashe kusan mako guda suna rawa ba dare ba rana, babu tikiti, babu izini. Mutanen ƙauyen ba su runtsa ba, kuma ni ban ga laifinsu ba da suka kai kuka. Duk wanda aka taɓa kafa wa lasifikar biki a bakin taga ya san wannan azabar. An gurfanar da mutum 13 na wata ƙungiya mai suna Spiral Tribe, aka yi doguwar shari'a, kotu ta wanke su. Gwamnatin John Major kuwa tuni ta ɗauki hanyar majalisa.

Wasu samari biyu 'yan garin Rochdale, Rob Brown da Sean Booth, masu kiran kansu Autechre, suka mayar da martani da abin da suka iya. A 1994 suka fitar da faifai ɗauke da wani kiɗa mai suna Flutter, wanda suka tsara yadda babu gaɓa biyu da bugunsu ya zo iri ɗaya. A jikin faifan suka manna sanarwa cewa wannan kam ana iya sa shi ko bayan dokar ta fara aiki, amma suna ba DJ shawara ya ajiye lauya da masanin kiɗa a kusa, ko da 'yan sanda za su zo da gardama.

Da ma'aunin wannan doka ya ƙetaro ya zo mana, da babu makaɗin da zai kwana a gidansa. Gangar noma maimaici ce. Kalangun dambe maimaici ne. 'Yan amshin Shata sukan riƙe layi ɗaya su yi ta juya shi har a idar da waƙa, kuma a nan daɗin yake, domin a kan wannan doron ne shi mai waƙar ke hawa ya yi yadda ya ga dama. Duk wanda ya ce maimaici ne aibin kiɗan inji bai saurari gangar garinsu da kyau ba.

Gardamar ma ta girmi tekno nesa ba kusa ba. Tun a 1906 John Philip Sousa, sarkin badujalar Amurka na zamaninsa, ya rubuta maƙala yana kukan cewa garmaho zai kashe kiɗa, mutane za su daina koyon busa da waƙa a gidajensu. Da aka fara fim mai magana a 1927, dubban makaɗan da ke zama a gaban majigi suna raka fim da kiɗa suka wayi gari babu aiki. A 1930 ƙungiyar makaɗan Amurka ta shiga sayen shafuka a jaridu tana buga hoton mutum-mutumin ƙarfe riƙe da kayan kiɗa, tana kiran abin da ke fita daga lasifika kiɗan gwangwani, marar rai.

Ba na so a yi wa mutanen nan dariya, don abin da suka ji tsoro ya faru. Aikin ya tafi, bai dawo ba. Amma a lura da yadda suka kawo kukansu. Abin da ke damunsu shi ne kuɗin haya da abincin yara, sai dai sun san wannan ba zai tsayar da kowa ba, saboda haka suka ce kiɗan ne ba na gaske ba. Maganar ciki ce aka sa mata rigar fasaha. Tun daga lokacin, kusan duk sa'ad da na ji an ce wani abu "ba kiɗa ba ne", nakan tsaya in duba wa ke shirin rasa wani abu, kuma da wuya in rasa shi.

Tarihin kiɗan lantarki da aka saba bayarwa yakan fara daga Paris a 1948, inda Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa, ya yanka, ya jera, ya ce ga kiɗa. Amma shekara huɗu kafin shi, a Alƙahira, wani ɗalibin aikin gona mai suna Halim El-Dabh ya aro na'urar da ke naɗar sauti a jikin siririyar waya, ya je ya ɗauki muryoyin mata a wajen zar, wato irin borin mutanen Masar. Ya koma gidan rediyo ya yi ta sarrafa muryoyin, yana ƙara musu amsa-kuwwa, yana tace wani sashe na sautin, har suka koma wani abu dabam. A 1944 ya gabatar da shi a wani ɗakin baje kolin zane. Ɗaya daga cikin kiɗan lantarki na farko a duniya, ashe, a Afirka aka yi shi, kuma daga bakin matan da ke kiran iskoki.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Delia Derbyshire. Ta karanta lissafi da kiɗa a Jami'ar Cambridge, ta nemi aiki a kamfanin faifai na Decca a 1959, aka ce mata ba sa ɗaukar mata a situdiyo. Ta samu shiga BBC, a wani ɗan sashe da ke ƙera sautuka don wasannin rediyo da talabijin. A 1963 aka miƙa mata takardar kiɗan buɗe shirin Doctor Who, wanda Ron Grainer ya rubuta. Babu makaɗi ko ɗaya a ɗakin, babu kuma irin na'urorin yau. Kowane sauti sai ta naɗe shi shi kaɗai a zaren rikoda, ta ƙara masa gudu ko ta rage don ya hau ko ya sauka, ta auna tsawon zaren, ta yanka da reza, ta liƙa da na gaba. Haka ta bi kiɗan ƙwaya-ƙwaya har ya haɗu. Da Grainer ya ji, bai gane abin da ya rubuta ba. Ya nemi a sa sunanta tare da nasa, hukumar gidan ta ƙi, don a wurinta ma'aikatan wannan sashe masu gyaran sauti ne, ba masu tsara kiɗa ba. Ta rasu a 2001. Sai a 2013, ranar cikar shirin shekara 50, sunanta ya fito a allo. Masu cewa inji ne ke yin aikin, mutum maɓalli kawai yake dannawa, ban san me za su ce da rezar Delia ba.

Manya ba su buɗe wa inji ƙofa ba sai da ya sanyo rigar da suka sani. A 1968 Wendy Carlos ta ɗauki na'urar haɗa sauti ta Robert Moog, wadda ba ta iya fitar da sauti biyu a lokaci guda, ta buga kiɗan Bach da ita, layi bayan layi. Faifan ya ci kyautar Grammy uku. Duk da haka ƙyamar ba ta tafi ba. Ƙungiyar Queen ta yi shekaru tana rubutawa a bayan faya-fayanta cewa ba ta yi amfani da irin wannan na'ura ba, kafin ita ma ta ɗauka a 1980. A 1982 kuwa reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da ita, bayan wani mawaƙin Amurka ya zo yawon wasa da na'urori a madadin masu goge.

Amma inda abin ya fi muni shi ne Shikago. Ranar 12 ga Yulin 1979 wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, wanda ya rasa aikinsa lokacin da tasharsu ta koma sa disko, ya shirya da masu filin besbol na Comiskey cewa duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga a kan santi 98, kuma za a tara faya-fayan a tsakiyar fili a fasa su da nakiya. An yi zaton mutane kaɗan, sai ga kusan dubu hamsin. Da aka tayar da nakiyar, jama'a suka ɓalle cikin fili, suka kunna wuta, wasa na biyu bai yiwu ba. Hujjarsu ita ce disko kiɗan roba ne, na inji, ba kamar rok ba da ake zufa a kan jita. Sai dai wani yaro baƙar fata da ke aikin nuna wa mutane kujera a filin a daren, Vince Lawrence, ya ba da labari daga baya cewa da yawa cikin faya-fayan da aka kawo ba disko ba ne ko kaɗan, faya-fayan mawaƙa baƙaƙe ne kawai. Disko ya taso ne daga gidajen rawar baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da masu neman jinsi ɗaya. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa ba faifai kaɗai aka so ƙonawa ba a daren.

Kamfanonin faifai suka janye hannu daga disko kamar an taɓa wuta. A wani gidan rawa da ake kira Warehouse, a cikin wannan birni dai, wani DJ da ya zo daga New York a 1977, Frankie Knuckles, ya ga sababbin faya-fayai sun daina zuwa, mutanensa kuma ba su daina son rawa ba. Sai ya koma kan tsofaffin, yana yanka su a zaren rikoda, yana tsawaita wurin da ya ga ya fi tayar da jama'a. Daga baya ya sayi akwatin ganga na lantarki ya riƙa sa bugunsa a ƙarƙashin waƙoƙin. Yaran unguwa suka ga ashe ba sai da situdiyo mai tsada ba. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da On and On, wanda da yawa ke ƙirgawa a matsayin faifan farko na kiɗan da aka sa wa suna hawus, kuma cikin waɗanda suka rubuta shi har da wancan yaron mai nuna kujera. Knuckles da kansa yakan kira hawus ramuwar disko. Ramuwar gayya kuwa, an ce, ta fi gayya zafi.

Kayan aikin nasu ma abin da kasuwa ta tofar ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da akwatin ganga TR-808 a 1980 a kan dala 1,195. Ƙwararru suka saurara suka ce wannan bai yi kama da ganga ba, kuma gaskiyarsu ne: ba muryar ganga aka naɗa a ciki ba, wutar lantarki ce ake lanƙwasawa ta yi gurnani. Aka ƙera kimanin 12,000 aka daina a 1983. Ƙanensa TB-303, wanda aka yi don ya tsaya wa mai jita a matsayin abokin da ke buga masa kaurin murya, shi ma ya faɗi warwas, don ko kusa bai yi kama da jita ba. Duka biyun suka gangara shagunan gwanjo, inda yaran Shikago da Detroit suka same su da araha. Wasu samari uku masu kiran kansu Phuture suka samu 303, ba su damu da abin da aka yi shi dominsa ba, suka sa shi yana juya layi ɗaya suna ta murɗa maɓallansa, sai ya riƙa fitar da wani irin kuka mai santsi kamar ana matse shi. Faifansu Acid Tracks ya fito a 1987, daga nan aka samu reshe guda sukutum na kiɗa, wanda ya ƙetare teku ya haukata matasan Ingila, har ya kai su filin Castlemorton. Aibin da ya sa ƙwararru suka ƙi na'urar shi ne abin da duniya ta yi rawa da shi.

To, su wa ke raba wa waɗannan kaɗe-kaɗe suna, kuma da wane ma'auni? Akwai abin da kunne zai iya kamawa. A hawus da tekno babbar ganga tana faɗuwa sau huɗu cif a kowace gaɓa. Hawus yakan yi tafiya tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti, yana riƙe da ɗumin disko da muryoyin coci. Tekno yakan ɗan fi shi gudu, ya fi shi bushewa, ya fi jin ƙarfe, kamar yadda ya dace da Detroit, garin masana'antun mota da suka durƙushe, wanda a gefensa Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka taso suna jin Kraftwerk na Jamus a rediyo tare da fank na baƙaƙen Amurka. Jangul na Landan da ɗansa diram-an-bes sukan kai 160 zuwa 180, gangar kuma a kakkarye take, ba ta tafiya a miƙe. Amapiano na Afirka ta Kudu, wanda ya cika mana wayoyi a 'yan shekarun nan, yana tafiya a hankali, wajen 110 da 'yan kai. Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya raba gardama. Kiɗa ɗaya mai bugu 128 za a sayar da shi da sunan hawus a wannan shago, a kira shi tekno a na gaba, kuma masu shagon biyu kowa zai rantse.

Dalili shi ne sunayen ba daga ɗakin bincike suka fito ba. Labarin da ya fi yawo game da hawus shi ne masu shagon faifai a Shikago ne suka riƙa ware irin abin da ake sawa a Warehouse wuri guda don masu tambaya, sunan ya gajarce ya zauna. Tekno kuwa ya kafu a matsayin suna ne a 1988, lokacin da wani kamfanin Ingila zai fitar da tarin kiɗan yaran Detroit, ana neman abin da zai bambanta su da na Shikago a idon mai saye. Sunayen nan kamar layukan kasuwa suke: ga 'yan atamfa, ga 'yan shadda, don mai saye ya san inda zai nufa, ba don auduga ta san da wannan rabo ba. Matsala tana farawa ne idan mai rumfa ya fara cewa abin da ake sayarwa a wancan layin ba tufa ba ne. Haka ta faru a farkon shekarun 1990, da aka laƙaba wa wani reshe suna wai kiɗan rawa na masu basira. Aphex Twin, wanda aka fi jingina wa sunan, bai ɓoye ƙyamarsa ba, don ya ga abin da ke ciki: idan wannan na masu basira ne, sauran na su wa ke nan? Waɗanda jiya aka ce kiɗansu ba kiɗa ba ne, yau sun samu na ƙasa da su.

Mu kam bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don tun asali da mutane muke raba kiɗa. Kotso da taushi na fada ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori, ƙwarya ta mata a cikin gida. Kafin a tambayi yaya sautin yake, an riga an san don wa ake yi, kuma darajar kiɗan tana bin darajar mai shi. Turawa sun rufe nasu da lissafin bugu a minti, amma in an tona, abin da ke ƙasa ɗaya ne.

Inda gardamar ta fi fitowa tsirara shi ne ofishin haraji. A Jamus tikitin zaman sauraron kiɗa yana biyan harajin kashi 7 cikin ɗari, na nishaɗi kawai kuwa kashi 19. Masu karɓar haraji suka ce abin da ake yi a gidajen rawa irin Berghain na Berlin shagali ne, mutane sun zo sha da rawa da neman abokai, wanda ke tsaye a bayan na'ura kuma faifan wasu yake sawa. A 2016 kotu ta ba Berghain gaskiya. A 2020 babbar kotun haraji ta tarayya ta yanke cewa na'urar juya faifai da ta gauraya sauti suna iya zama kayan kiɗa a hannun wanda ya iya, muddin kiɗan ne ya tara jama'ar. A watan Maris na 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Kiɗan da baƙaƙen yaran Detroit suka haifa ke nan, ya zama kayan gadon Jamusawa.

A Shikago kuwa, mahaifar hawus, a 2016 ɗin dai hukumar gundumar Cook ta bi wasu ƙananan gidajen rawa bashin haraji na kusan dala dubu ɗari biyu kowanne, bisa hujjar cewa rangwamen da doka ta yi wa wasannin fasaha bai shafi abin da DJ ke yi ba. A zaman sauraron ƙarar har aka ce rap da rok ma ba sa ciki. Wannan a birnin da tun 2004 ya sa wa titi sunan Frankie Knuckles. Sai da aka yi ca a kansu kafin suka gyara dokar.

Mu ma muna da namu kason a tarihin nan, ko da ba mu cika waiwayarsa ba. A 1978, a Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan ɗin lantarki, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiyar Nijar yana zuba su a cikin na'ura. Shekaru da dama gidan rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, mutane sun haddace shi ba tare da sun ɗauke shi wani abin a zo a gani ba. Sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a 2013, sannan aka fara kiransa majagaba. A Kano kuwa, daga ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin 'yan fim. Yaro ɗaya a ɗaki ɗaya yana fitar da ganga da sarewa da goge daga akwati guda. Aka kira waƙoƙin nanaye, kuma ba da yabo aka faɗa ba. Dattawa suka ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, kiɗan Indiya ne da na kwamfuta. Yau ga shi da shi ake tallan 'yan siyasa, da shi ake kai amarya, har masu bege da yawa sun ɗauka.

Ga masu cewa fiyano ba kayan kiɗa ba ne, ina tuna musu cewa kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsirkiya ɗaya, Barmani Choge kuma da ƙwaryar da ake dama fura ta cika fage. Ba a haifi wani abu yana kayan kiɗa ba, hannu ne ke mayar da shi. Amma ba zan tsaya nan ba, don dattawan nan suna da magana, sun dai faɗe ta ne a karkace. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin a hammata, fatar ta ɗaure ko ta saki, muryar ta hau ko ta sauka tana bin karin harshe, har gangar ta yi magana. Yana hango ka daga nesa zai canza hannu ya buga takenka, ya kira kakanka, kai ma ka ji tsigar jikinka ta tashi ka sa hannu a aljihu. Sautin kalangun da ke cikin fiyano ba ya ganin wanda ya shigo. Wannan ilimi ne na shekaru, daga uba zuwa ɗa, kuma idan masu biki suka gwammace su ɗauko DJ ɗaya maimakon makaɗa shida, ɗan mai kalangu zai je ya koyi tuƙa babur. Wannan asara ce ta gaske, kuma tana da suna. Idan aka ce "ba kiɗa ba ne", an ɓata lokaci a kan abin da kunnen kowane yaro zai ƙaryata. Idan aka ce "masu wannan sani suna ƙarewa, wa zai riƙe su?", an kawo maganar da gidan rediyo da jami'a da mai shirya biki za su iya yin wani abu a kai. Haka kuma za a fi gane mai fiyanon da ya iya da wanda ya danna abin da kamfani ya ajiye a ciki ya tafi, don su ma ba ɗaya ba ne, kamar yadda ba duk mai rataye da kalangu ne makaɗi ba.

Akwai wani faifai na 1969, Amen, Brother, na wata ƙungiya mai suna The Winstons. A tsakiyarsa sauran makaɗa suka yi shiru, mai ganga Gregory Coleman ya yi bugu shi kaɗai na kamar daƙiƙa shida ko bakwai. Da na'urar yankar sauti ta yi araha a shekarun 1980, masu hip-hop suka ɗauki wannan guntun, sannan yaran Landan suka ƙara masa gudu, suka daddatsa shi, suka sake jera shi ta hanyoyi ba iyaka. Jangul da diram-an-bes a kansa suka tsaya. An yi amfani da shi a dubban waƙoƙi, har da tallace-tallacen talabijin. An shekara ana musu a jaridu ko wanda ya yanki bugun wani ya jera shi makaɗi ne ko ɓarawo, ko abin da ya fito kiɗa ne ko ba kiɗa ba. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006, ba shi da wurin kwana, ko sisi bai taɓa samu ba daga bugun nasa. A 2015 wasu DJ biyu 'yan Birtaniya suka buɗe asusun neman taimako, aka tara kimanin fam 24,000, aka miƙa wa Richard Spencer, jagoran ƙungiyar, wanda a lokacin shi ne mai haƙƙin faifan.